Giredar Kurege

"Ga ta nan, ga ta nanku, yau ma a kan babur ta zo."

"Ta zo mu ji ta, ko a ƙasa ta tako."

To, ku matso, ku rage hayaniya. Mai tambaya ya yi tun yanzu, don ni in na hau hanya ba na taka birki.

Wani Kurege ne a wani ƙauye da ake kira Tungar Ɗinya. Kun dai san Kurege: jiki ɗan mitsitsi, wutsiya ta fi jikin, baki kuma ya fi wutsiyar. Duk rumbun gyaɗar da ke Tunga ya san ta inda ake shigarsa, kuma ba ta ƙofa ba. In ya gaishe ka da fara'a, ka koma gida ka duba kayanka.

Amma Kuregen nan yana da abin da ke cin ransa, kuma ba yunwa ba ce. Yana da yaya mace, sunanta Tasalla. Tun bai gama buɗe ido ba shaho ya sure uwarsu, sai Yaya Tasalla ta goye shi. Ita ta tauna masa gyaɗa lokacin da ba shi da haƙori, ita ta koya masa haƙa rami mai ƙofa biyu. Da ta yi aure aka kai ta birni, can ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Duk da haka ba ta yar da shi ba. Akwai motar kasuwa da Biri ke tuƙawa, duk Juma'a ta taso daga birni da safe, ta bi ta Tunga, ta wuce Kasuwar Gada, da la'asar ta komo. To, wata ba ya ƙarewa sai Yaya Tasalla ta biyo motar nan. Ta sauka a gindin ɗinya da ƙullin tsarabarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Auta, ka rame." Ko da ya yi ƙiba har ƙofar raminsa na matse shi, haka take faɗa.

Ana nan, ana nan, sai wata damina ta zo da ƙarfi, ruwa ya ci hanyar Tunga. Ta biyu ta zo ta ƙara, ta uku ta zo ta ƙarasa. Nan rami, can kwazazzabo, tsakaninsu gargada. Biri ya karya sifirin sau biyu, ya fasa taya sau huɗu. Ranar nan ya fito ya tofar da yawu, ya ce shi da Tunga haihata-haihata. Ya koma zagayawa ta kwalta, sauran direbobi suka bi bayansa.

Yaya Tasalla ta aiko da saƙo. Ta ce, "Ku gaya wa Auta girma ya zo mini, baya ya ƙi. Ko jaki ba zan iya hawa a wannan hanya ba. In Allah ya sa an gyara, ina nan tafe."

Za ku ce, to shi me ya hana shi zuwa birnin? Yawwa. Ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya yi kwana uku. A kwana ukun nan ya ziyarci siton gyaɗa bakwai ba tare da sallama ba. Karnukan da ke gadin sito har yau suna riƙe da warinsa a hanci. Ko wutsiyarsa ce ta leƙa ƙofar gari, ta zama tasu.

Haka aka tafi. Duk Juma'a Kurege zai je gindin ɗinya tun hantsi, ya kwanta, ya manna kunne a ƙasa ko zai ji gurnanin mota. Ba ya jin komai sai takun tururuwa. 'Yan Tunga suna wucewa suna yi masa shaƙiyanci, suna cewa, "Ba yayar yake jira ba, ƙulin yake jira." Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma an ba shi ƙulin Tunga, ya gutsura ya ajiye. Kurege fa, ya ajiye abinci! Kewa ce tsagwaronta. Wanda bai taɓa zama yana duban hanya saboda mutum ɗaya ba, ba zai gane ba. Ni kam na gane.

Wata rana ya fita neman abin da ba nasa ba, har ya kai bakin babban titi. Sai ya tarar ana aiki. Wata ƙatuwar mota ruwan ɗorawa, mai dogon wuya, tana tafe a hankali tana aske ƙasa. Ta ga tudu ta sare shi, ta ga rami ta cike shi, bayanta hanya sumul. Ya tambayi ma'aikatan, suka ce sunanta gireda. Ya ce, "To, yaushe za ta zo Tungar Ɗinya?" Suka yi dariya har ɗayansu ya ƙware da ruwa.

Kurege bai yi fushi ba. Ya shige ciyawa ya laɓe, yini biyu yana leƙen ƙarƙashin motar nan. A yini na biyu ya tafa hannu ya ce, "Ashe duk wannan ƙugi da hayaƙi burga ce! Abu uku ne kawai: wuƙa, nauyi, da abin ja." Ya kamo hanyar gida yana tsalle yana cewa, wuƙa, nauyi, da abin ja, wuƙa, nauyi, da abin ja, kada ɗaya ya faɗi a hanya.

Ya fara da gidan Gyado, aladen daji, wanda duk Tunga ba mai nauyinsa, ba mai son barcinsa. Gyado yana da wani tsohon gadon ƙarfe da ya gada wurin kakarsa. Kurege ya same shi a kai yana juye-juye, ƙudaje sun rufe masa hanci.

"Kawu Gyado, barka da hutawa."

"Wane hutu, ɗan nan? Zafi ya hana, ƙuda ya hana. Kwana nawa rabona da barcin kirki."

"Ayya! Ai laifin gadon ne, Kawu. Gado mai tsayuwa wuri ɗaya ya zama tsohon yayi. Manyan birni yanzu gado mai tafiya suke hawa. Kana kwance, iska na kaɗa ka, ƙuda na biye yana haki, bai kamo ka ba."

Gyado ya ɗaga kunne ɗaya. "A ina ake samunsa?"

"Wannan naka ma zai yi. Ka ba ni shi yini biyu."

Aka samu gado, aka samu nauyi, a tafiya ɗaya.

Daga nan sai wurin Mujiya mai walda, a rumfarta ta bakin kasuwa. Tana zaune da baƙin gilashi tana like gindin bokiti. Kurege ya ajiye gado, ya ajiye wani guntun ƙarfen dogo da ya jawo daga juji, ya ajiye tsofaffin fartanyu shida. Shi dai tsofaffi ya ce. Masu su kuwa sun rantse jiya-jiya suka yi noma da su.

"Gwaggo Mujiya, sannu da aiki. Wucewa zan yi, birni za ni da kayan nan."

"Me za a yi da su a birni?"

"Gireda za a haɗa. Na so in kawo miki, to, sai masu waldar birni suka ce kada in wahalar da tsohuwa. Wai ke iyakarki bokiti da kwanon miya."

Mujiya ta cire gilashi. Idanun nan suka fito waje. Ta ce, "Wa ya faɗa?"

"Ba na son haɗa faɗa, Gwaggo."

"Ajiye kayan nan!"

Wuta ta tashi. Ta yanke ƙafafun gado huɗu, ya kwanta a ƙasa. Ta jera fartanyun a gaba, bakinsu ƙasa, suka zama haƙoran da za su karce hanya. Ta ɗauko ƙarfen dogo za ta like shi a baya a miƙe, sai Kurege ya ce a'a, a karkace.

"Ka ga na taɓa like abu a karkace?"

"Gwaggo, yini biyu na yi ina leƙen ta gaske. A karkace wuƙar take, don ƙasar gefe ta riƙa gangarowa tsakiya. Tsakiyar ta yi doro, ruwa in ya sauka ya zurare gefe, bai kwanta ya ci hanya ba."

Mujiya ta yi tsaki, amma ta like a karkace. Ta ɗaura sarƙa biyu a kusurwoyin gaba, ta haɗe su a zobe ɗaya. Ta ce ya je ya gaya wa 'yan birni.

Saura abin ja. Duk Tunga mutum ɗaya ke da babur mai ƙafa huɗu, ita ce Kura, da shi take kwaso ƙasusuwa daga mahauta. Kurege ya tsaya nesa da ƙofarta, inda in ta yi tsalle ɗaya ba za ta kai ba, ya yi sallama.

"Ranki ya daɗe, wata magana ce ke damuna. Kin san motocin shanu da ke bin kwalta, cike maƙil, har wutsiyoyi na leƙowa?"

Yawun Kura ya zubo.

"Da ta nan suke bi, ta ƙofar gidanki. Hanya ce ta kore su. In hanya ta gyaru kuwa..."

"Me ake jira?" in ji Kura.

Ranar farko aka ɗaura zobe a bayan babur, Gyado ya hau gado ya miƙe ƙafa. Kura ta buga kiki, ta murɗa totur har ƙarshe. Jama'a! Gado ya tashi sama, ya dawo, ya tashi, ya dawo. Fartanyu suna dukan busasshiyar ƙasa suna tartsatsi. A kwana ta farko Gyado ya rabu da gado, ya sauka cikin sarƙaƙiya da hanci. Da ƙura ta lafa aka duba hanya, ta fi da lalacewa, ta yi layi-layi kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya.

Gyado ya fito yana cire ƙaya. Ya ce, "Wannan ne gadon manya?"

"Kawu, sabo ne, bai saba ba. Sai ƙasa ta sha ruwa yake lafawa."

Nan kam gaskiya ya faɗa, ko da yake bai yi niyya ba. Suka jira aka yi ruwa, washegari ƙasa ta yi laushi, ba caɓi ba, ba ƙura ba. Saura Kura, wadda ba ta san a hankali ba tun da aka haife ta. Kurege ya matsa kusa da kunnenta.

"Ranki ya daɗe, fataken shanu sun turo 'yan leƙen asiri, suna cikin ciyawa. In suka ga Kura na gudu, za su ce mayunwaciya ce, ba za su biyo da shanunsu ba. Ki yi tafiyar wadda ta ƙoshi."

Kura ta sa giya ɗaya, ta turo ciki gaba, tana tafe tana gyatsar ƙarya. Sai ga abu ya yi. Haƙora suna karcewa, wuƙa tana turo ƙasa tsakiya, nauyin Gyado yana dannewa. Bayansu hanya ta kwanta.

Da 'yan Tunga suka gani, sai aka yi gayya. Kowa ya fito, masu kwando da masu kwano, ana zuba duwatsu da marmara a manyan ramukan da suka fi ƙarfin gado. Mata suka dafo ɗanwake, suka soyo gyaɗa. Kurege ya naɗa kansa mai gadin abinci, don kada a samu ɓarayi. Ba a samu ɓarayi ba kuwa, sai dai kullum kwano yakan iso da rabi.

Ga yadda yake auna aikinsa. Yana biye da gado a ƙasa, da tsinke a hannu. Duk inda Gyado ya motsa cikin barci, ko ya yi gurnani, sai ya soke tsinke a wurin, ya ce a koma. Kura ta ce, "Sau nawa za mu bi wurin nan?" Ya ce, "Bayan Yayata ya fi na Kawu laushi. A koma." Aka koma. Aka sake komawa. Mako bakwai ana abu ɗaya, har ranar da Gyado ya hau gado a bakin kwalta, aka ja shi har Kasuwar Gada aka komo, ko kunne bai kaɗa ba. Kurege ya zauna a bakin hanya, ya shafa ƙasar da hannu.

Labari ya kai tasha. Biri ya gwada, ya ji daɗi, ya dawo hanyarsa. Ba a jima ba saƙo ya iso wa Kurege, shi kaɗai: "Juma'ar nan ina tafe. Na yi ƙuli na musamman, mai yaji."

Wayyo, ku ga Kurege! Ya share gindin ɗinya sau uku. Ya wanke tabarma. Ya taje wutsiya. Sai dai yana cikin murnar nan wani tunani ya shigo masa, irin nasa. A Tunga in baƙo ya sauka, a gindin ɗinya ake kwance tsaraba, kowa ya sa hannu. Balle yanzu da kowa ya yi gayya. Ya tuna bakin Gyado. Ya tuna bakin Kura. Ya ga ƙulin shekara uku zai ƙare kafin ya haɗiye na farko, kuma Yayar ma za a zagaye ta da gaisuwa, bai samu ya zauna kusa da ita ba.

Yana wannan tunani ranar Alhamis sai ya ji an taka masa wutsiya. Ya ɗaga kai, Kura ce.

"Kurege, motocin shanu sun dawo."

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe! Ban faɗa ba?"

"Sun dawo, suna wucewa fuuu! Wari kawai suke bar mini. Mako bakwai ina tafiyar wadda ta ƙoshi da ciki wayam. Yau da kai zan karya."

"Daidai ne, ranki ya daɗe, ki ci. Loma ɗaya ce dai. Sai dai kaico, sirrin zai tafi tare da ni."

"Wane sirri?"

Ya kai baki kunnenta, amma da muryar da har na bayan kasuwa sai da ya ji. "Gingimari ta kife a Mararrabar Kuka. Sama shanu, ƙasa buhunan masara da gyaɗa. Mai ita ya ce gobe Juma'a duk wanda ya riga, nasa ne."

Mararrabar Kuka tafiyar rabin yini ce, cikin daji. Kafin rana ta fito ranar Juma'a Tunga ta zama kufai. Kura a gaba kan babur, Gyado na biye da buhu, Mujiya da bokiti, har masu jego sun tafi. Kurege ya tsira da ransa, ya kuma tsira da tsarabarsa, yana ta yaba wa kansa.

Hantsi ya yi. Yana gindin ɗinya shi kaɗai sai ya ji gurnanin nan da ya yi shekara uku yana nema. Ya miƙe zumbur. Mota ta ɓullo.

To, ga abin da mai wayon bai hango ba. A da, ko lokacin da hanya ke da lafiya, akwai wani gangare a gindin ɗinya da ke tilasta wa direba taka birki. Mota ta yi gwaram, mai gyangyaɗi ya farka, mai sauka ya ce, "Akwai!" Gangaren nan kuwa Kurege ya soka masa tsinke sau tara, har ya shafe. Biri yana tafe yana fito, ƙafa a kan totur. Ba wanda ya ce akwai. Ba taron jama'a a bakin hanya da zai sa ya rage gudu. Sai wani ɗan abu cikin ciyawa yana ɗaga hannu, wanda ko madubi bai nuna shi ba.

Kurege ya hango Yaya Tasalla. Ga ta nan a bakin taga, kai ya jingina da gilashi, baki a ɗan buɗe, ƙulli a kan cinya. Barci take yi.

"Yaya! Yaya Tasalla! Ni ne Auta!"

Fuuu, mota ta wuce. Ya bi ta da gudu har numfashinsa ya ƙare, ya faɗi a kan hanyar da ya gyara da hannunsa. Ya ce ba komai, za ta komo da la'asar. La'asar ta yi, mota ta komo. Yaya tana nan a tagarta, kai a jingine, ƙulli a cinya. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Fuuu, ta nufi birni. Ya koma ya zauna a kan tabarmar da ya wanke, ya yi kuka, kukan gaske, ba irin wanda yake yi in an kama shi a rumbu ba.

Bai gama share hawaye ba ya hango 'yan Tunga suna dawowa, buhuna wayam, ƙafafu a kumbure, Kura a gaba. Ya faɗa rami. Kwana shida bai leƙo ba. Kura ta haƙa ƙofa ɗaya, ya koma ta ɗayar.

A cikin ramin ya yi tunani. Ya ce, ni mota ba ta ganina, amma ba motar da za ta ƙi ganin Kura da gado. Da Juma'a ta zagayo ya fito da sassafe, ya lallaɓa ƙofar gidan Kura. Gireda na nan a ajiye, Gyado a kai yana minshari. Ya ɗauki zoben sarƙa ya maƙala a bayan babur, ya koma ya laɓe. Da ya ji gurnanin mota daga nesa, sai ya fito fili, ya kaɗa wutsiya.

"Ranki ya daɗe, yaya naman Mararraba? An rage mini?"

Kura ko waiwaye ba ta yi ba, ta haye babur ta murɗa. Kurege ya zura da gudu, ta bi shi, gado na biye da Gyado a kai. Ya tsallaka hanya, ta tsallaka. Ya zagaya ɗinya, ta zagaya. Sarƙa ta naɗe a jikin itace, babur ya mutu, gado ya gicciye a tsakiyar hanya. Biri ya ga Kura, ya ga gado, ya ga ƙaton alade a kwance, ya taka birki da ƙafa biyu.

Kafin Kura ta sauko, Kurege ya haye taya, ya haye ƙofa, ya kai taga.

Yaya Tasalla tana nan. Birkin ma bai tashe ta ba, don wata ƙatuwar Ɓauna da ke zaune kusa da ita ta tare ta da kafaɗa. Ya dube ta da kyau. Gashin bakinta duk ya yi fari. Hannuwan nan sun ƙanƙance, amma suna riƙe da ƙullin gam. Numfashinta na fita a hankali.

Ɓauna ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Kai ne Autan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Maƙwabciyata ce. Shekara uku ciwon baya ya hana ta runtsawa, a zaune take kwana, ta katanga nake jin nishinta. Waccan Juma'ar muka shigo mota tana ta zancenka. Muna hawa hanyar nan taku, shiru. Sai a tashar birni ta farka, ta ga ta wuce ka tafi da dawowa, ta yi ta kuka. Yau ta ce, Hajiya, don girman Allah, in mun kai ɗinya ki tashe ni. Sau uku na kai hannu, na kasa. Ga ta nan. Kai ka tashe ta, in za ka iya."

Kurege ya miƙa hannu. Saura kaɗan ya taɓa kafaɗarta. Ya buɗe baki, ya ja numfashi, sunan ya zo har bakin harshensa. Kalma ɗaya ce, ta buɗe ido ta gan shi, abin da ya ja gado mako bakwai dominsa. Duk motar ta yi tsit, har Biri ya daina fito.

Sai ta ɗan gyara kwanciyar kanta, ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda ciwo ya sake shi.

Kurege ya janye hannunsa. Ya haɗiye sunan. Ya juya wajen Biri ya ce, "Direba, in an janye gadon, ka ja a hankali."

Ɓauna ta ce, "To, karɓi ƙullin, ai naka ne."

Ya ce, "A'a, Hajiya, bar mata. Sai ranar da ta sauka ta kwance da hannunta."

Bai ɗauki ko ɗaya ba. To, kada in yi muku ƙarya, akwai wata 'yar ɓula a gefen ƙullin, ya zaro ɗaya. Ɗaya tak. Kurege ne fa.

Kura kuwa tana ƙasa tana jiran ya sauko. Ɓauna ta zuro ƙahonta ta taga, ta dube ta, ta ce, "Ke. Duk Juma'a ina bin hanyar nan. Ranar da na wuce ban ga wannan a bakin hanya ba, na san gidan da zan yi sallama." Kura ta ce ai wasa suke yi, ita da Kurege tun suna yara. Ta kwance sarƙa da kanta, ta ja gado gefe. Gyado bai san an yi ba.

Mota ta tashi a hankali. Kurege ya sauko. Ciyawa ta tare masa gani, sai ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, ya ɗaga wuya, ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana kallon tagar har ta ɓace.

Tun daga ranar haka ake yi. Duk Juma'a Yaya Tasalla tana shiga mota ta ce yau kam sai ta sauka, a tashe ta a ɗinya. Duk Juma'a ba a samun mai ƙarfin halin tashinta. Shi kuma wani lokaci kewa takan ci ƙarfinsa, ya je bakin hanya ya fara haƙa rami, ya ce bari motar ta ɗan girgiza ko sau ɗaya. Da ya ji gurnaninta sai ya tuna ciwon bayanta, ya yi maza ya mayar da ƙasar ya daddanne. Shi ya sa in kuna cikin mota kuka hango kurege tsaye da ƙafa biyu a bakin hanya, yana leƙen tagogi ɗaya bayan ɗaya, kada ku jefe shi. Ku duba kusa da ku, ko akwai tsohuwa mai barci. Ni dai ranar da na baro Tunga ba ta sauka ba tukuna.

Ƙurunƙus kan guntun ƙuli! Darasin kuwa shi ne, in za ka gyara hanya, ka bar rami ɗaya a ƙofar gidanka, kuma kada ka tura maƙwabta Mararrabar Kuka ranar da kake da baƙo. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya tambayi Gyado, in ya same shi a farke.